Ciyawar San Siro da Wasannin Kwamfuta: Darasi a Kan Haske da Rayuwar Tsirrai

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗalibanmu na sakandare sun fi sanin sunayen filayen ƙwallon ƙafa na ƙasar Italiya a kan sunayen sassan ganye. Wasu a talabijin suka san su, wasu kuwa a cikin wasannin kwamfuta irin waɗanda ake danƙa wa mutum ragamar kulob, ya sayi 'yan wasa, ya tsara dabara, ya kuma lura da kuɗin shiga. Malami mai hikima yana iya mayar da wannan sha'awa ta zama makamin koyarwa. Manufar wannan darasi ita ce mu duba yadda waɗannan wasanni suke nuna filayen Italiya, sa'an nan mu kwatanta da abin da ya faru a zahiri a filin San Siro na birnin Milan, inda aka kashe maƙudan kuɗi wajen gini, amma ciyawar da ake wasan a kanta ta shafe shekara fiye da 20 tana mutuwa ana sauyawa. Daga nan za mu fahimci yadda tsiro yake rayuwa da haske, mu kuma gane iyakar abin da kwamfuta take iya gaya mana game da abu mai rai.

Filayen Italiya a Taƙaice

A shekarar 1990 Italiya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya a birane 12. Domin wannan gasa aka gina sababbin filaye biyu, wato San Nicola a birnin Bari da Delle Alpi a birnin Turin, sauran kuwa aka yi musu kwaskwarima. Abubuwa uku ne suka daɗe suna bambanta filayen Italiya da na ƙasa kamar Ingila. Na farko, akasarinsu mallakar hukumomin birane ne, kulob haya yake biya. Na biyu, wasu daga cikinsu suna da hanyar tsere wadda ta kewaye fagen wasa, ta nesanta 'yan kallo daga 'yan wasa, kamar filin Olimpico na birnin Rum da filin Napoli, wanda aka raɗa wa sunan Diego Armando Maradona a 2020. Na uku, akwai manyan filaye waɗanda kulob biyu suke tarayya a kansu: Roma da Lazio a Olimpico, Genoa da Sampdoria a filin Luigi Ferraris, sai AC Milan da Inter Milan a San Siro.

Filin Delle Alpi bai yi tsawon kwana ba. Yana ɗaukar mutum kusan 69,000, amma 'yan kallo suka ƙaurace masa saboda nisan kujeru daga fage. An rushe shi tsakanin 2008 da 2009, kulob ɗin Juventus ya gina nasa na kansa a wurin, mai ɗaukar mutum kimanin 41,000, aka buɗe shi a 2011.

San Siro kuwa tsoho ne. An buɗe shi a 1926, hukumar birnin Milan ta saye shi a 1935, aka ƙara masa hawa na biyu a tsakiyar shekarun 1950, aka kuma sa masa sunan shahararren ɗan wasa Giuseppe Meazza a 1980. Gab da gasar 1990 aka ɗora masa hawa na uku a ɓangarori uku, aka kewaye shi da hasumiyoyi 11 na kankare, aka lulluɓe kujerun da ƙaton rufi wanda jajayen ƙarafa suke riƙe da shi. A wannan fili ne Kamaru ta doke Ajantina da ci 1 da nema a wasan buɗe gasar, ranar 8 ga Yuni, 1990. A shekarar 2025 hukumar birnin ta sayar da filin ga kulob ɗin nan biyu, waɗanda suka bayyana shirin gina sabo a kusa da shi.

Yadda Kwamfuta Take Ganin Fili

Wasannin riƙon kulob sun daɗe. Wani Baturen Ingila, Kevin Toms, ya fitar da Football Manager na farko a 1982. 'Yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fitar da Championship Manager a 1992, wanda daga baya aka yi masa bugu na musamman domin gasar Italiya. Tun daga 2004 kamfaninsu, Sports Interactive, yake fitar da wasansa da sunan Football Manager. Akwai kuma PC Calcio, wanda ya yi farin jini a Italiya a shekarun 1990, inda mai wasa yake iya faɗaɗa filinsa da hannunsa.

A cikin irin wannan wasa, fili jerin bayanai ne kawai. Akwai sunansa, da garin da yake, da shekarar da aka gina shi, da yawan mutanen da yake ɗauka, da mai shi, da tsawo da faɗin fagen wasa, da irin ciyawarsa, da ko yana da na'urar ɗumama ƙasa. Masu bincike sama da dubu a ƙasashe daban-daban ne suke tattara waɗannan bayanai. Kwamfuta takan yi amfani da su ta lissafa kuɗin ƙofa da kuɗin haya, kuma mai wasa yana iya roƙon shugabannin kulob su faɗaɗa fili ko su sake shimfiɗa ciyawa, su amince ko su ƙi. Ko da aka fara nuna wasa da hoto mai zurfi a bugun 2009, ginin da mutum yake gani yawanci haɗe-haɗe ne na kwamfuta gwargwadon girman filin, ba ainihin surar ginin ba. Hatta suna yakan canza idan babu izinin mai shi. Alal misali, a bugun 2020 sunan Zebre aka ba Juventus.

Abin da ya fi damunmu a nan shi ne lafiyar ciyawa. Wasan yakan taƙaita ta a kalma guda, ya ce tana da kyau ƙwarai, ko tana da dama, ko ta lalace. Tana raguwa idan aka yawaita wasa ko yanayi ya ɓaci, ta koma sabuwa idan aka biya kuɗin sauyawa. Masana kimiyya suna kiran irin wannan taƙaitawa samfuri, wato kwaikwayon wani abu na zahiri wanda aka rage masa sassa domin a iya lissafa shi. Taswira samfuri ce, zanen zuciya a littafin darasi ma samfuri ne. Tambayar da ya wajaba ɗalibi ya riƙa yi wa kowane samfuri ita ce, me aka bari a waje? Labarin San Siro ya amsa mana.

Ciyawa Abu Ce Mai Rai

Fagen San Siro yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wato murabba'in mita 7,140. Gona ce sosai, illa dai ganyen da kansa shi ne amfanin gonar. Kamar kowane koren tsiro, ciyawa tana haɗa abincinta ne a cikin ganye. Wani koren sinadari mai suna kulorofil yakan kama hasken rana, tsiron ya yi amfani da wannan ƙarfi ya haɗa ruwan da saiwa ta zuƙo da iskar kabon dayoksaid wadda ta shiga ta ƙananan ƙofofin ganye. Abin da ake samu shi ne sukari da iskar oksijin. Wannan aiki shi ake kira fotosintasis.

Sai dai tsiro ba haɗa abinci kaɗai yake yi ba, yana kuma cin sa. Dare da rana kowace ƙwayar halitta da ke jikinsa, daga ganye har saiwa, tana ƙona sukari domin ta rayu. Wannan shi ne numfashin tsiro. Saboda haka rayuwar ciyawa tamkar littafin ɗan kasuwa take, akwai shiga akwai fita. Akwai wani mizanin haske wanda idan aka kai shi, abin da ganye yake haɗawa daidai yake da abin da tsiron yake ƙonawa. Idan haske ya haura wannan mizani, ana samun rara, da rarar ce ake yin sabon ganye da sabuwar saiwa. Idan ya gaza, tsiron yakan koma cin ajiyarsa, ganye ya yi tsawo ya sirance, saiwa ta gajarce, a hankali ya mutu.

Dalilin da ya sa ciyawa take jure yanka da tattaki shi ne wurin tsirowarta yana can gindi, dab da ƙasa, saɓanin bishiya wadda take tsawo daga kanta. Idan aka sare kan ganyen, gindin yana nan yana turo sabo, yana kuma fitar da 'ya'ya a gefe. Amma duk wannan gyara da sukari ake biyansa. Ga shi kuma ana aske ciyawar filin ƙwallo ta yadda tsawonta ba ya wuce santimita 3, wato an rage mata ganyen da za ta kama haske da shi.

Irin ciyawar ma yana da muhimmanci. A arewacin Italiya akan dogara da ciyayin ƙasashen sanyi, musamman Lolium perenne, mai saurin tsirowa, da Poa pratensis, mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa. Hanyar haɗa abincinsu irin ta alkama da shinkafa ce, wadda ake kira C3. A wurare masu ɗumi kuwa ana amfani da Cynodon dactylon, wato ƙiri-ƙiri da muka sani, wadda take bin hanyar C4 kamar gero da dawa da masara da rake. Ƙiri-ƙiri tana son zafi da rana mai ƙarfi, ba ta jure inuwa, kuma takan yi barci ta bushe idan sanyi ya tsananta.

Lissafin Inuwa

Birnin Milan yana kan digiri 45 da rabi arewa da layin ikwaita. A ƙarshen watan Yuni, rana takan kai tsayin digiri 68 a sararin sama da tsakar rana, kuma yini yakan wuce awa 15. A ƙarshen Disamba kuwa ba ta wuce digiri 21, yinin ma bai kai awa 9 ba. Ɗalibin da ya iya jadawalin lissafin kusurwa zai iya gano tsawon inuwa da kansa. A digiri 68, inuwar gini kashi 4 ce cikin 10 na tsayinsa. A digiri 21, ta ninka tsayin nasa sau 2.6.

Mu ɗauka, domin sauƙin lissafi, bakin rufi yana da tsayin mita 50 daga ƙasa. A watan Yuni inuwarsa mita 20 ce. A watan Disamba ta kai mita 130, wato ta fi fagen wasan tsawo. Fagen San Siro daga arewa zuwa kudu ya miƙe, rana kuwa ta kudu take bi a lokacin sanyi, saboda haka ɓangaren kudu na fagen shi ya fi shan inuwa. Da a Kano aka yi gini mai wannan tsayi, inda ranar Disamba take kai digiri 55, da inuwar ba ta wuce mita 35 ba. Ke nan gini guda yana iya zama lafiya ga ciyawa a wani gari, ya zama ajalinta a wani.

Matsalar ta daɗa muni ne domin gasar Serie A tana gudana daga ƙarshen Agusta zuwa Mayu, watannin duhu suna tsakiyarta. A gasa mai kulob 20, kowane kulob yana buga wasa 19 a gida. Fili mai kulob biyu yana ɗaukar wasa 38 ke nan, ban da na kofin Italiya da na Turai. An ninka wa ciyawa aiki a daidai lokacin da aka rage mata abinci.

Sauran Abubuwan da Rufi Ya Jawo

Bayan haske, dogayen bangaye sun tare iska. Idan iska ba ta kaɗawa, raɓa takan daɗe a kan ganye, danshin kuma ya ba ƙwayoyin fumfuna damar tsirowa. Akwai irinsu, kamar Microdochium nivale, masu kama ciyawa a lokacin sanyi da laima, su bar tabo-tabo a fage. Tsiron da yunwa ta raunana shi ya fi saurin kamuwa.

Sa'an nan ga tattaki. Saiwa tana numfashi da iskar da ke cikin ƙananan ramukan ƙasa. Idan aka yi ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, ramukan sukan toshe, ruwa ya kwanta, saiwa ta shaƙe. Ciyawa marar zurfin saiwa kuwa takan ɓanɓaro da zarar ɗan wasa ya juya da ƙarfi, abin da yake jefa gwiwarsa da idon sawunsa cikin haɗari.

Wani abin lura shi ne na'urar ɗumama ƙasa. A cikin wasan kwamfuta alheri ce zalla, domin tana hana ƙanƙara ta sa a ɗage wasa. A wurin masanin tsirrai kuwa takobi ce mai kaifi biyu. Ciyawar sanyi takan kusan tsayar da girma idan zafin ƙasa ya sauka zuwa wajen digiri 5, ta rage numfashi, ta tsimi ajiyarta. Idan aka ɗumama ƙasar alhali babu haske, an tashe ta daga barci ne, numfashi ya ƙaru, ajiya ta ƙare da wuri.

Magungunan da Aka Gwada

Maganin farko shi ne sauyawa. Akan noma ciyawa a wata gona, a yanko ta da ƙasarta, a naɗe kamar tabarma, a kawo a shimfiɗa. A San Siro an sha yin haka sau da dama a kakar wasa guda, da kuɗi mai yawa. Wannan shi ne maganin da wasan kwamfuta ya sani, amma bai taɓa tushen ciwo ba, domin sabuwar ciyawar a cikin tsohuwar inuwa ake kwantar da ita.

Daga baya aka koma ga dabarun da suka dace da rayuwar tsiron. Aka kawo manyan fitilu a kan ƙarafa masu taya, ana tura su cikin fage idan ba a wasa domin su cike giɓin rana. Ana kuma sa manyan fanka su motsa iska. A shekarar 2012 aka shimfiɗa wa San Siro fage mai gauraye, inda aka ɗinka miliyoyin zaren roba cikin ƙasa, zurfin kusan santimita 20, saiwar ciyawa ta nannaɗe su. Zaren kaɗan ne idan aka kwatanta da ciyawar, amma yana riƙe ƙasa kada ta ɓanɓaro. Ya kamata a lura cewa zaren yana maganin tattaki ne, fitila kuma tana maganin yunwa, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Masu zanen filaye na zamani sun ɗauki darasi, sukan lissafa hanyar rana da kaɗawar iska tun kafin a sa harsashi.

Aikin Aji na Farko: Samfuri a Kan Takarda

Lambobin da ke tafe na koyarwa ne kawai. A ba fage maki 100. Kowane wasa yana cire maki 8. A lokacin sanyi ciyawa tana farfaɗowa da maki 3 a mako. Fili mai kulob ɗaya yana ɗaukar wasa 6 a mako 12, saboda haka zai rasa 48 ya samu 36, ya tsaya a 88. Fili mai kulob biyu yana ɗaukar wasa 12, zai rasa 96 ya samu 36, ya tsaya a 40. Kusan irin wannan tunani ne yake cikin kowane wasan kwamfuta.

Yanzu sai malami ya ƙara sharaɗi guda: idan maki ya sauka ƙasa da 70, farfaɗowa ta koma maki 1 a mako, domin fagen da ya rasa ganye ya rasa abin kama haske. Ɗalibai su sake lissafi mako-mako. Za su ga cewa fili na farko bai girgiza ba, na biyu kuwa ya ƙara saurin faɗuwa. Haka abu mai rai yake: lalacewa tana haifar da lalacewa.

Aikin Aji na Biyu: San Siro a Cikin Kwali

A sami gwangwani uku masu huji a gindi, a cika su da ƙasa iri ɗaya, a shuka ƙwayar alkama 30 a kowanne. Lokacin hunturu ya fi dacewa. Bayan kwana 10 da tsirowa, a bar na farko a fili, a sa na biyu cikin kwali marar murfi mai tsayin santimita 30, na uku kuma cikin mai tsayin santimita 90. Ruwa ya zama daidai wa daida. Kowane mako a aske ganyen zuwa santimita 5, a auna tsawon abin da ya sake fitowa, a rubuta launinsa da kaurinsa. Bayan mako huɗu a zazzage ƙasar, a wanke saiwa, a kwatanta. Kada tsawon ganye ya ruɗi ɗalibi, domin tsiron inuwa yakan yi tsawo da farko wajen neman haske. Saiwa ce take faɗar gaskiya. Inda akwai aidin da sinadarin cire launin ganye a ɗakin gwaji, a gwada sitacin ganyen kowane gwangwani da la'asar.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙiri-ƙiri ba za ta dace da San Siro a watan Disamba ba?
2. Gini mai tsayin mita 30 zai yi inuwa mai tsawon mita nawa a Milan da tsakar ranar ƙarshen Disamba?
3. Bayyana yadda ɗumama ƙasa yake iya cutar da ciyawar da ke cikin inuwa.
4. Kawo bayanai uku waɗanda za ka ƙara wa wasan kwamfuta domin ya ƙara kusantar gaskiya game da ciyawa.

Kammalawa

Wasan kwamfuta bai yi laifi ba da ya taƙaita ciyawa a kalma guda, domin manufarsa nishaɗi ce, kuma samfurin da ya ƙunshi komai ba zai lissafu ba. Haɗarin yana ga wanda ya manta cewa an taƙaita. Waɗanda suka faɗaɗa San Siro sun ƙidaya kujeru da ƙarfe da kankare daidai, ginin kuma ya zama abin alfahari, amma hasken da ganye yake bukata bai sami rabon da ya dace ba a cikin lissafin, aka yi ta biyan wannan bashi shekara da shekaru. Ɗaliban da ke karanta wannan darasi, wasunku za su zama injiniyoyi, wasu likitoci, wasu malaman gona, kuma dukkanku da samfuri za ku yi aiki, a takarda ko a kwamfuta. Duk sa'ad da aka ajiye muku lambobi a kan abu mai rai, ku nemi sanin abin da yake ci, da abin da yake shaƙa, da tsawon lokacin da yake bukata kafin ya warke.